Shanyar Shinkafa a Hanyar Tanete

Makassar

Zuwa ga mahaifina, Daeng Marola,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, ya ƙafar taka? Na rubuto a takarda ne tunda wayar da na aiko maka ba ka kunna ta.

Baba, ƙungiyarmu ta masu hawan keken tsere za ta fita ranar Lahadin ƙarshen wata. Daga Barru za mu tashi, mu ratsa gonaki, mu faɗa bakin teku. Ni aka ɗora wa zaɓen hanya. Na ce musu ubana safiyo ne, babu kwalbatin da ke yankin nan da bai san tarihinsa ba. Don Allah ka zana mana hanya mai kwalta mai kyau, wadda manyan motoci ba sa bi.

Na san rabona da gida tun rasuwar Inna. Idan hanyar ta biyo ta Tanete, sai in tsaya in gaishe ka.

Ka huta lafiya.
'Yarka, Hasriani

Tanete

Zuwa ga Hasriani,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso ta hannun direban motar kifi, tana ƙarni. Ƙafa tana nan, ita da mai ita.

Safiyo kika ce musu? Da kin faɗi gaskiya: tsoho ne da ya yi karatu a Bandung, ya auna hanyoyin da waɗansu suka zo da manyan riguna suka buɗe, yanzu yana gadin agwagi a ƙarƙashin gidansa na kan turaku. Ina ganin irin mutanen naki a babban titi, sun matse cikin kaya kamar kifin da aka naɗe a ganyen ayaba, kai a sunkuye, ba sa ganin komai sai tayar gaba. A zamaninmu mai buhu ne ke hawa keke, sai malamin makaranta.

To, ga hanyarku. Ku bar babban titi a bayan masallacin nan mai koren rufi, ku bi gefen magudanar ruwa. Kwaltar nan sumul take, ni na sa aka ɗaga ta don kada ambaliya ta ci ta, ko da yake ba wanda ya tuna. Da hantsi duwatsu suna hagunku, gonaki sun nuna jawur har iyakar gani. Ki ce wa mutanenki su ɗaga kai ko sau ɗaya ne. In kun kai gadar ƙarfe ku sassauta, akwai tsaga tsakanin katakan da za ta haɗiye siririyar taya. Daga nan za ku ji ƙamshin gishiri tun kafin ku ga ruwa. Ku bi tsakanin tafkunan jatan lande. Akwai wata mata mai sayar da ruwan kwakwa, ba ta surki.

A mararrabar tsamiya ku yi dama, ku zagaye ta inda masunta suke jan kwale-kwale. Kada ku yi hagu. Kada ku biyo ta Tanete.

Allah ya kiyaye hanya.
Mahaifinki

Parepare

Zuwa ga Yayana Marola,

Sallama da gaisuwa irin ta jini ɗaya. Yara suna gaishe ka. Ni kuwa tawa gaisuwar ta ƙare a nan, sauran faɗa ne.

Hasriani ta zo da takardarka a jaka. Ta zauna a madafa tana ta ɓare mini albasar da ban buƙata, wai ita ce ke sa ta hawaye. Ta ce, "Gwaggo, ya tuna tsagar gada, ya tuna mai ruwan kwakwa, amma ƙofar gidansa ya zagaye da ni."

Haba Yaya! Yarinya ta rasa yadda za ta zo gida, ta nemo dalili ta ɗaura a bayan keke, kai kuma ka tura ta teku. Kana tsammani ta rasa mai nuna mata hanya ne a Makassar? Wayarta kaɗai ta ishe ta. Karatun Bandung ɗin nan dai a ka ya tsaya, bai gangaro ƙirji ba. In ta zagaye ka wannan karon, wallahi ba za ta sake tambaya ba. Zuciyarka gare ta.

Na bar ka lafiya, in ka ga dama.
Ƙanwarka, Saribanong

Tanete

Zuwa ga Saribanong,

Na amsa gaisuwa, na karɓi faɗan.

Ke kin daɗe a birni kin manta watan da ake ciki. Girbi ake yi. Daga tsamiya har ƙofata ba a ganin kwalta, kowa ya shanya shinkafarsa a kai, don babu fili mai zafinta a garin nan. Babur yana lallaɓawa ya wuce. Tayar kekensu kuwa kaurin yatsa ce. Ta hau ƙwayar shinkafa a guje, sai dai a kwashi yarinya. Ita kaɗai ta rage mini. Ban rubuta mata wannan ba don na ɗauka jikar manoma ba sai an gaya mata ba.

Da na karanta takardarki na ɗaura zani na bi gida gida, ni da na shekara ban hau tsanin gidan kowa ba. Indo Sakka, gwauruwar nan ta kusa da masallaci, ta leƙo ta ce, "Ikon Allah! Safiyo, ashe ka san ƙofata? Ko aunawa ka zo yi?" Ambo Tuo mai bauna ya ce, "Wato mu ɗage abincinmu don 'yan birni su yi wasa?" Na ce ba ɗagewa ba, kamu biyu kawai za ku bar mini a gefe, ran Lahadi da safe. Ya ce, "Me za ka ba mu?" Na ce ba ni da komai. Ya dubi ƙafafuna ya ce, "Kana da waɗannan."

Don haka yanzu kullum ina cikin shanya ba takalmi, ina jan ƙafa ina juya musu shinkafa kamar kowa. Suna dariya wai layina ya fi hanyoyina miƙewa.

Ki gaya mata ta yi hagu.

Yayanki, Marola

Tanete

Zuwa ga Saribanong,

Bayan gaisuwa. Kin ce in ba ki labari kada in rage, to ga shi.

Tun da na aiko miki waccan takarda sama ta ɓalle. Ruwa ba dare ba rana, shinkafa a buhu ta soma ɗumi tana tsami, ta Indo Sakka har ta fara fitar da farin tsiro. Ran Lahadi sai rana ta fito tarwai. Kafin hantsi an rufe kwalta daga wannan gefe zuwa wancan, ko tafin hannu ba a bari ba. Ambo Tuo ya kasa haɗa ido da ni. Ban ga laifinsa ba. In shinkafa ta tsiro, da me za su ci shekara?

Na tafi tsamiya na tsaya a tsakiyar hanya. Can sai ga masu keken kamar jerin tsuntsaye, Hasriani ce a gaba. Sai da ta cire hular kwano na gane ta. Ta rame, Saribanong. Ta yi kama da uwarta.

Na ce, "Ku yi dama. Babu hanya."

Ta dubi shanyar har ƙarshenta, ta dube ni, ta dubi ƙafafuna da suka yi furu-furu da ƙaiƙayi. Sai ta sauka, ta kwance takalman nan nasu masu ƙarfe a ƙasa, ta rataya su a wuya, ta saɓa keke a kafaɗa. Ta ce, "Baba, an juya ta yau?" Na ce ba a juya ba tukuna. Ta ce, "To matsa."

Ta shiga tana jan ƙafa, a hankali, ba ta ɗagawa, yadda uwarta take yi. Abokanta suka tsaya cirko-cirko, sannan ɗaya bayan ɗaya suka tuɓe takalma suka bi ta. Likita a cikinsu, da lauya. Kwalta ta ɗau zafi, suna ta tsalle. Indo Sakka ta ɗauki tsintsiya ta zama shugaba: "Kai mai tumbi, ja ƙafa aka ce, ba rawa ba! Ke 'yar nan, a nan gonar ubanki ce da za ki bar rabi?" Mai tumbin ya ce, "Inna, ƙaiƙayi!" Ta ce, "Da kake cin ta ba ka ji ba?" Har ƙofata suka juya wa gari shanya, aka dama musu kofi, aka soya ayaba.

Su suka wuce teku. Ita ta jingine keke a ƙarƙashin gida. Tafin ƙafarta ya yi ja, na kawo ruwa a ƙwarya da man kwakwa. Ta zauna a kan tsani ta miƙo mini ƙafar kamar tana 'yar shekara biyar. Da la'asar muka je kabarin uwarta. Ba mu yi doguwar magana ba. Ta kwana.

Ki gaida yara.
Yayanki, Marola

Tanete

Zuwa ga Hasriani,

Assalamu alaikum. Da fatan kin isa lafiya. Shinkafa ta bushe, an kai rumbu. Indo Sakka ta ba direba ƙunshi ya kawo miki, ta ce ladan aiki ne.

Akwai wata hanya ta bayan tudu da ke sauka kan rairayin bakin teku. Ba ta zanuwa a takarda, sai dai a nuna. Na kai tsohon kekena an sa masa taya. Ba shi da sauri, sai kin jira ni a hawa.

Allah ya yi miki albarka.
Babanki