Kwalaben lemun citta sun fashe

Unguwar Waziriyya, Jidda, daren Laraba, watan Rajab

Kwalabena sun fashe yau da la'asar. Ƙarar farko na ɗauka jawazat ne, masu kamen marasa takarda, suka ɓalle ƙofa. Na faɗa banɗaki na kulle, ina ta salati.

Lemun cittar da na haɗa shekaranjiya ne. Na ɗura a kwalabe na ɗaure murfi gam, na tura ƙarƙashin gado tunda firij ya mutu. Zafin Jidda ya sa ya yi tsami ya kumbura, ɗakin duk ya gauraye da wari.

Hajiya Kulu mai gidan ta leƙo, ta toshe hanci. "Ke Rabi, ai wannan warin giya ne! In maƙwabta suka kira 'yan sanda, wallahi ba ruwana. Khalas, ya isa haka, ki daina."

Giya! Ni da Umra ta kawo ni ƙasar nan.

Wai, in ji Hajiya, in zuba cikin kula da ƙanƙara, in kai bakin masallaci in sayar kofi-kofi, ba ya kwana balle ya lalace. Gaskiya ta faɗa. Amma kwalba aika ta nake shago ina daga ɗaki. Kula kuwa sai na tsaya a kanta, kuma mai tsayuwa a titi iƙama, takardar izinin zama, ake tambayarsa.

Na share gilasan. Kwalba ɗaya ce ta tsira, na sassauta murfinta, ta ja dogon numfashi ta lafa. Na daɗe zaune ina kallonta. Ita dai ta samu mai buɗe mata.