A Tsaye Ko A Zaune

Fagge, Kano
Ranar Litinin

Zuwa ga 'yata Surayya,

Bayan sallama irin ta addinin Musulunci, da fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Na rubuto ne don na san halinki. In na kira ki zaure, sunkuyar da kai za ki yi ki ce "to, Baba", gari na wayewa ki yi abin da kika ga dama. Takarda kuwa sai an ba ta amsa.

Wata uku ke nan kina tsallaka mahaɗar Bata zuwa gidan nan na Sabon Gari, inda ake jinyar waɗanda asibiti ya ce ba sauran magani. Da na yarda, na ɗauka abin na sati biyu ne, kafin sunayen jami'a su fito. Ke da kike son zama likita, me za ki koya a gidan da ba mai fita da ƙafarsa? Jiya ina yanka yadi a shago wani ya tambaye ni, wai da gaske 'yata ce take kwashe fo ɗin mutanen da ba ta san asalinsu ba? Saura kaɗan almakashi ya faɗi daga hannuna.

Daga ranar Asabar kin daina zuwa. Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki,
Sammani Tela

*

Ranar Talata

Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da girmamawa, ina yi maka sannu da aiki. Na ga takardarka a ƙarƙashin kular abinci, na karanta har sau uku. Tunda ba ka son "to", ga gaskiya: ba zan daina ba. Ka yafe mini.

Mai tambayar nan na shago, ka ce masa e, ina kwashewa, kuma akwai sabulu a gidan.

Akwai wani tsoho a ɗakin maza, Baba Kyari, a da wankin hula yake yi a bakin kasuwar Kwari. Ciwon daji ya kama masa ƙashin baya. Mai kula da jinyar gidan, Sista Ifunanya, bara ta zo daga Inugu, Hausarta ba ta wuce ta cefane ba, don haka ni ce tafintarta. Kullum da safe sai ta ce in tambaye shi jiki. In ce, "Baba, ya jiki?" Ya ce, "Da sauƙi, 'yata, alhamdulillahi." Ni kuma, haifaffiyar Fagge, sai in juya in ce mata da Turanci ya samu sauƙi, ta rubuta. Kwana shida ana haka. Likitan da yake zuwa ran Laraba ya duba takarda, ya ga sauƙi a jere, ya rage masa maganin kashe zafi.

Ran Juma'a ina gyara masa shimfiɗa na ga bakin matashinsa duk ya yayyage. Cizonsa yake yi, Baba, don kada na kusa da shi ya ji nishinsa. Na ce ya jiki, haƙoransa a datse, ya ce da sauƙi.

Ni na jawo masa. Na san sarai babu mutumin garin nan da zai ce maka ba sauƙi ko da ransa na fita, amma na fassara kamar baƙuwa. Na shiga banɗaki na sha kukana, na fito na gaya wa Sista, aka kira likita a waya aka mayar da maganin. Bayan wannan ba zan sa ƙafa in bar shi ba.

Ina neman albarkarka ko da kana fushi.

'Yarka,
Surayya

*

Ranar Alhamis

Surayya,

Wa'alaikumus salam. Na ga amsarki, na kuma ga boko ya buɗe miki baki. "Da sauƙi" ba ƙarya ba ce, godiya ce ga Allah, kuma ba ke za ki koya wa tsoho yadda ake amsa gaisuwa ba. Mahaifiyarki, Allah ya jiƙanta, wata takwas ta yi a kwance, ba ta taɓa faɗin wani abu bayan wannan ba, ta kuma tafi da mutuncinta.

Maganata tana nan. Asabar.

Mahaifinki

*

Ranar Lahadi

Baba,

Assalamu alaikum, da fatan ka tashi lafiya. Jiya Asabar na je. Ban yi zagaye ba, ta gaban shagonka na bi. Ka gan ni, ka duƙufa a kan keken ɗinki kamar zare ne ya tsinke.

Ni ban ce a daina cewa da sauƙi ba. Tambayar na canza. Yanzu in mun gama gaisawa sai in ce, "Baba, asuba a tsaye ka yi ta ko a zaune?" Mutum zai ɓoye maka ciwonsa, amma ba zai yi ƙarya a kan sallarsa ba. A tsaye, a zaune, a kwance, ko da ido: abin da Sista take rubutawa ke nan yanzu. Mama Keziah ta ɗakin mata, Kirista 'yar Wusasa, ita kuma nakan tambaye ta ko ta iya durƙusawa da ta yi addu'a.

Baba Kyari ya rasu jiya bayan la'asar. Da safe ya ce mini da ido ya yi ta, nan take aka ƙara masa magani. Ya cika a natse, ba ya cizon komai, ɗansa yana laƙƙana masa kalmar shahada. Da na bi umarninka, da "da sauƙi" za a rubuta masa a ranarsa ta ƙarshe.

Ka ambaci Inna. Ina 'yar shekara goma sha ɗaya ni nake wanke mata rigar matashi, kuma na ga yadda take dawowa a yage. Sai yanzu na gane dalili. Ta tafi da mutuncinta, gaskiya ne, amma ta tafi da azaba, don duk gidan ba wanda ya iya tambayar ta. Abin yana cin raina har yau, kuma shi ya sa nake son likitanci.

Saura magana ɗaya. Sati uku ke nan ka daina zuwa masallacin layinmu, wai sabon liman yana jan karatu. Limamin nan shekararsa biyu, Baba. Tuwon da nake zuba maka rabinsa yake dawowa, in za ka tashi daga kan keke sai ka dafa bango. Ba zan ce maka ya jiki ba, na san amsar.

Asubar yau, a tsaye ka yi ta ko a zaune?

'Yarka da ba ta jin magana,
Surayya

*

Ranar Lahadi, bayan la'asar

Surayya,

Wa'alaikumus salam. Allah ya jiƙan Malam Kyari, ya sa ya huta.

A zaune. Tun Babbar Sallah.

Gobe ba zan buɗe shago ba, ki shirya da wuri ki raka ni asibiti. In mun dawo sai ki wuce Sabon Gari, kada matar nan ta Wusasa ta yi ta zuba ido.

In likita ya tambaye ni jiki, da sauƙi zan ce masa. Ke sai ki fassara.

Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki,
Sammani