Na Jefa Takardar Ƙanena a Komadugu

Assalamu alaikum. A ɓoye sunana, kuma a ji ni kafin a zage ni. Ban yi lakwal ba, wato boko, matata ce ke rubutawa, ita ma yau ta fara jin zancen.

Ni manomin tattasai ne a bakin Komadugu. Babanmu ya rasu ya bar mini gona da ƙane ɗaya, dogo, sai ya sunkuya yake shiga ɗaki. Da tattasai na kai shi har jami'a a Yamai. Can ya yi suna a ƙwallon kwando, har ya buga wa ƙasa. Ni ban taɓa ganin wasan ba. Ƙato yana jefa ƙwallo cikin kwandon da ba shi da gindi, wannan aiki ne?

Wata shekara ya zo hutu, tattasai ya nuna, bayana ya riƙe, ba mai tsinka. Lokacin salula ba ta iso Diffa ba. Direban motar Yamai ya ba ni takarda a tasha, na kai wa wani mushe, malamin makaranta, ya karanta. Ƙungiyar ƙasa ce ke kiransa cikin kwana biyar, za su fita waje. Na ninke ta na jefa kogi. Na ɗauka abin zai zagayo kamar damina. Bai zagayo ba. Suka ce ya raina kira, suka cire shi, suka sa abokinsa, wanda shi aka ba takardar ya aiko. Ƙanena ya ce abokin ne ya danne ta. Shekara tara bai yi masa magana ba. Yanzu yana koyar da wasa a Mainé-Soroa, ko labarin wasanni bai yarda a kunna masa a rediyo.

Wancan sati uwarmu ta rasu, abokin ya zo gaisuwa tun daga Yamai. Ya miƙa hannu, ƙanena ya ƙi karɓa a gaban mutane. Abokin ya rantse ya ba direba takardar. Ƙanena ya juyo ya ce, “Yaya, ka ji maƙaryaci? Da ta iso, ai hannunka za ta fara shiga.”

Na ce, “Haka ne.” A kan tabarmar makokin uwarmu na faɗa.

Direban yana nan da rai, kullum muna gaisawa. Abokin ya ce ran sadakar arba'in zai zo da shi. In na faɗa, zan rasa ƙanena, shi kaɗai ya rage mini. In na yi shiru, direba zai faɗa a gaban dangi. Me zan yi?