Tsumma a Bakin Indararo

Diffa, Laraba da dare, tsakiyar damina

Barci ya ƙi zuwa. Kwana uku soro na yoyo kan buhunan tattasai, na yaɓe wurin sau biyu a banza. Jiya a kasuwa na ci mutuncin Ba Kyari magini, na ce aikin ha'inci ya yi mani.

Yau ya zo, bai ko dubi inda ke ɗiga ba. Ya hau sama da tulun ruwa, ya tuttular, ya tsuguna yana kallo. Ruwan ya gangara kusurwar gabas ya kwanta. Ashe nan yake nutsewa, ya bi azara har tsakiyar ɗaki.

Ya zura hannu cikin indararo, ya zaro tsumma. Tsohon rawanina ne. Ni na cusa shi da rani, don kada iska ta zubo da tattasan da na shanya.

Ya ninke shi, ya miƙo mani. "Maigida, ga ajiyarka."

Da ma zagina ya yi.

A gaban mutane na ɓata shi, a gabansu zan wanke shi. Amma kasuwa sai Talata. Ina zan kai kwana shidan nan?