Faifan da Tad Ya Fasa

Ni Emmett Valcourt, mazaunin Glendale, nake rubuta wannan da hannuna a ƙarshen shekarar 1979. Hankalina ɗaya, babu wanda ya tsaya a kaina. Likita ya gaya mini abin da ya gani a huhuna, ya ce ko ina da tambaya. Na duba, ban sami ko ɗaya ba. Lenora da Tad, 'ya'yana, ga abin da nake so a yi.

Na ɗaya. A sayar da gidan, ku raba daidai.

Na biyu. Hotunan fina-finaina, duk wanda ya nema ku ba shi. A fim kullum ni ne mugun da ake harbewa kafin a tashi, da wannan hancin nawa ba a taɓa ba ni wani matsayi ba. Ba su dame ni ba.

Na uku. Faya-fayan rediyo da ke cikin kabad ɗin falo. A shekarun Yaƙin Duniya na Biyu, in fim ya yi kasuwa, sai a kira mu gidan rediyo mu maimaita shi da baki kawai, takarda a hannu, jama'a na zaune a gabanmu. Masu saurare a gida ba sa ganin fuska, don haka na yi likita, na yi limamin coci, na yi ango ya fi a ƙirga. Mata suka dinga aiko da saƙo suna tambayar ko ina da aure. Mamanku Odette ce mai buɗewa, ta karanta mini a kan abinci tana marairaice murya. Wata rana ta ce, "Ango, ga wata daga Ohio ta kasa barci saboda kai. In aika mata hotonka ta warke?"

Ku kai su ɗakin karatu na jami'a, a juye muku a kaset, kowa ya riƙe nasa. Faya-fayan na gilashi ne, don ƙarfen lokacin duk ya tafi ƙera jirage. A tsaye ake ɗaukar su, ba a ɗora wani kan wani.

Na huɗu. Kada a kunna muryata a wurin jana'iza. A binne ni kusa da Odette, a gajarta addu'a.

Na biyar, shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Akwai shirin barkwanci da takarduna suka zube ana tsakiyar watsawa, na durƙusa ina tsinta ina magana. Odette na layin gaba. Dariyarta ta danne ta kowa, irin wadda take yi har ta shaƙe. Nan kaɗai muryarta ta rage a duniya. Da muka dawo daga binne ta, Tad ya ɗauko faifan don mu ji, ya suɓuce masa. Lenora, kin ce masa, "Ka sake kashe ta." Tun ranar ba ki ƙara zama inda yake ba, shekara ta biyu ke nan.

Ni ina tsaye a wurin. Na kalli gutsattsarin a ƙasa, ban ji komai ba, na je na ɗauko tsintsiya. Har yau haka nake. Ina ci, ina kwanciya, abubuwa suna wucewa ta gabana kamar motoci a titi. Amma idona ya ga abin da naki bai gani ba. Hannun ƙanenki rawa yake tun daga maƙabarta, don shi ya ɗauki kan akwatin gawar. Bai kare kansa ba, ya fita ya zauna a mota.

Tad, kai ma ka daina jiran ta fara. Yayarka ce, je ka buga mata ƙofa. In ta rufe, ka koma.

Lenora, abin da kike kuka a kai bai ƙare a faifan nan ba. Dariyar nan Tad ya gado ta, har da shaƙewar. Tun ranar da kika faɗa masa maganar nan ban ƙara jin ya yi ta ba. Ke kaɗai za ki iya dawo da ita.

Bikin godiya na Nuwamba ku riƙa yin sa a gida ɗaya, bana wajen wannan, baɗi wajen wancan, jikokina su san juna. Allah Ya yi muku albarka, ku da abin da kuka haifa, Ya sanyaya zukatanku. Ku biyu ne kuka rage. Ku zauna a tebur ɗaya.

Mahaifinku,
Emmett