Ƙullin da Na Sa Ƙarƙashin Katifar Baba

Asabar, 4 ga Nuwamba

Na kwashe bagaden Brigid daga ƙaramin ɗakin ƙasa. Shekara goma sha ɗaya yana wurin. Kyandir, kaskon ruwa, da ɗan gunkin yumɓun da ƙawata Delphine ta gina mini, duk na jera su a kwandon wanki na hau sama da su, ina tafe ina ba Brigid haƙuri. Yanzu allahiyar da nake bauta wa tana kan durowar kayana, kusa da man shafawa.

Jibi za a sallamo Baba. Ƙugunsa ne ya karye, an sa masa ƙarfe. Likita ta ce ba zai iya zama shi kaɗai ba. Yayana Reino yana can Arizona. Saura ni.

Litinin, 6 ga Nuwamba

Ya iso. Ya ƙanƙance. Mutumin da ya yi shekara talatin da huɗu yana haƙar tama, yau ni ce mai ɗaga masa ƙafa ya tsallake bakin ƙofa. Rabona da kwana gida ɗaya da shi tun ina 'yar ashirin da huɗu.

Yana zama bakin gado ya shinshina ɗakin. “Marketta, ɗakin nan ƙaurin kyandir yake.”

Na ce ai wuta ce take yawan ɗaukewa.

Shekarata hamsin da uku, ina shara ƙarya a cikin gidana.

Lahadi, 12 ga Nuwamba

Taron da'irarmu ta masu bauta wa Brigid a gidan Bernadine, mu bakwai. Ita ce babbarmu, a hannunta na koyi komai. Bayan mun kira kusurwoyi huɗu, gabas, kudu, yamma da arewa, mun gama ibada, sai ta ce gwiwoyinta sun gaji, bikin Brigid na farkon Fabrairu ni zan jagoranta. Na zaro ido. Delphine ta ce, “Ku dube ta don Allah, kamar an ce mata gobe za a cire mata haƙori.”

Da muna shan shayi na roƙe su mu yi wa Baba aikin warkarwa. Bernadine ta ajiye kofinta. “Kin tambaye shi?”

Na ce ai ta san ba zai yarda ba.

“To kin samu amsarki ke nan.”

Na sani. Ni da bakina nake koya wa sababbin shiga cewa ba a yi wa mutum aiki sai da izininsa. Amma ubana ne fa.

Asabar, 18 ga Nuwamba

Ya ƙi shan maganin rage zafi, wai yana sa shi ganin abubuwa bibbiyu. Da rana ina yanka albasa na jiyo shi yana nishi a hankali, irin na wanda ba ya so a ji. Na yi masa miyar kifi da madara yadda Mama take yi kafin ta rasu. Cokali uku ya sha.

Litinin, 27 ga Nuwamba

Wata ya cika. Na yi abin.

Gishiri, busasshen na'ana'a, ɗan ɓawon itace daga bakin tafki, da sunansa a guntuwar takarda: Toivo. Na ƙulle su a farin ƙyalle da jan zare, ƙulli tara, kowane ƙulli da roƙonsa. Ban roƙi wani abin kunya ba. Ƙashi ya haɗe, barci ya zo, zafi ya sauka. Da matar da ke koya masa tafiya ta fita da shi baranda, na cusa ƙullin ƙarƙashin katifarsa.

Ko ɗar ban ji ba. Wannan ne ya fi damuna.

Lahadi, 3 ga Disamba

Ya taka har kicin da sanda kawai. Ya ƙara miya. Ban gaya wa kowa ba, ko Delphine.

Asabar, 9 ga Disamba

Na dawo daga kasuwa na same shi zaune a kicin, ƙullin a buɗe gabansa. Ya warware zaren, ya jera komai a kan tebur daki-daki. Ashe so ya yi ya canja zanen gadonsa da kansa don ya rage mini aiki.

Ya ɗaga takardar. “Rubutunki ne wannan.”

Na ce don ya warke ne.

“Kwana nawa ina kwance a kansa?”

Sha biyu.

Bai ɗaga murya ba. Da ma ya yi faɗan. Cewa ya yi, “Kullum sai na durƙusa wa Ubangijina a gefen gadon nan, duk da ƙugun nan nawa. Ashe a kan tsafi nake ɗora goshina. Ba ki ga ya kamata in sani ba?”

Ya ce in kira masa Reino, a nema masa gidan tsofaffi.

Madarar da na sayo tana cikin mota har yanzu. Ta daskare, na tabbata.

Lahadi, 10 ga Disamba

A ɗakinsa ya ci abinci. Ya maido kwanon a wanke.

Alhamis, 14 ga Disamba

Na kasa kunna kyandir kwana biyar. Ina tsayawa gaban durowa da ashana a hannu, sai kunya ta kama ni.

Na je wurin Delphine a shagonta na tukwane, na faɗa mata komai. Na zaci za ta yi mini tsiya kamar kullum. Ta goge yumɓun hannunta ta ce, “Ke, ba ke kika ba ni labarin falon gidanku ba?”

Ni na ba ta. Shekarar da na daina zuwa coci, wata Lahadi na dawo gida na tarar Baba ya tara dattawa biyu. Suka zaunar da ni a kujera, suka ɗora mini hannuwa a ka suna addu'a a fitar da abin da ya shige ni. Babu wanda ya tambaye ni. Ina kuka suna ƙara murya. A makon na haɗa kayana. Shekara ashirin da tara ina ba da labarin nan, kullum ni ce wadda aka zalunta.

Na ce ai nawa daban ne, ni don ƙauna na yi.

Ta ce, “Shi kuma don me ya yi, 'yar uwa? Don motsa jiki?”

Na yi dariya, dariyar ta koma wani abu. Ta bar ni na jiƙa mata kafaɗa, sannan ta ce in tashi, ina kashe mata kasuwa.

Alhamis, 21 ga Disamba

Yau rana mafi gajarta a shekara. 'Yan da'ira suna can bakin tafki za su hura wuta. Ban je ba.

Wajen ƙarfe uku na ƙwanƙwasa masa ƙofa, na ce ina da magana. Na ce na yi laifi, kuma ba a addininsa kaɗai ba, har a nawa. Na faɗa masa wuta ba ta ɗaukewa a unguwar nan. Ɗakin da yake ciki nan ne wurin ibadata, na mai da shi sama. Kowace yamma ina kunna kyandir, ina zuba ruwa, ina magana da wadda na yi imani tana ji. Ba zan daina ba, ba kuma zan sake sa sunansa a ciki ba sai ya ce.

Ya kalli taga. Dusar ƙanƙara tana sauka.

Can ya ce, “Ran nan a falo. Jikinki yana ta rawa a ƙarƙashin hannuna. Na ji. Na ɗauka alamar addu'a tana ci ce.” Ya juyo ya dube ni. “Uwarki ta yi wata guda ba ta yi mini magana ba.”

Ban taɓa sani ba.

Bai ce in yafe masa ba, ba irinsa ba ne. Ya dai ce, “Akwai sauran kofi?” Ya fito kicin ya sha.

Da rana ta faɗi na hau sama na kunna. Ban roƙi komai ba. Zama kawai na yi.

Lahadi, 7 ga Janairu

Na kai shi coci. Na jira a mota. Ya fito da yankan burodi mai zaƙi naɗe a takarda, wai matan coci ne suka ce a ba direba.

Asabar, 20 ga Janairu

Muna ɓare dankali, babu gaira babu dalili ya ce, “Ita wannan matar taki ta sama, mene ne aikinta?”

Na ce ita ce mai riƙe da wuta da rijiyoyi, uwar masu warkarwa da mawaƙa da maƙera.

“Maƙera?” Ya juya dankalin a hannunsa. “To, aƙalla tana da sana'a.”

Bayan ɗan lokaci ya ƙara da cewa kada in ɗauka ya canja ra'ayi, har yanzu ɓata yake gani. Na ce na sani. Ya ce dankalin nan ina ɓare shi da kauri, ina asarar rabi.

Lahadi, 28 ga Janairu

Reino ya kira, an samu gurbi a gidan tsofaffi daga Maris. Na miƙa wa Baba wayar na koma bayan ƙofa na laɓe kamar ƙaramar yarinya. Na ji yana cewa, “A ba wani. Ƙanwarka ba ta iya kwashe ƙanƙarar bakin ƙofa ba, sai da mai nuna mata.”

Saura kwana shida bikin. Na haddace kalmomin, amma da na tuna mutum shida za su zuba mini ido sai komai ya gudu.

Lahadi, 4 ga Fabrairu

An yi, an gama. Na manta layi biyu, na kira yamma kafin kudu. Delphine ta ce ko iskar ba ta lura ba. Bernadine ta riƙe fuskata da hannu biyu. Kyandir goma sha tara, ko ɗaya bai mutu ba.

Jiya kafin in fita, hanya ta yi santsi, rediyo yana ta gargaɗi. Ina ɗaura takalmi Baba ya fito da sandarsa ya tsaya a kaina. Ya dubi farar rigar da ta leƙo ƙarƙashin kwat ɗina, ya kau da kai.

“Ketta,” in ji shi. Rabon da ya kira ni haka tun ina firamare. “Ina so in yi miki addu'a. Ba don abin da za ki je yi ba, wannan tsakaninki da Ubangiji ne. Don hanya. In kin yarda.”

Ya tsaya yana jira. Da gaske jiran amsa yake.

Na ce to.

Ya miƙo hannu, ba kaina ya nufa ba, a buɗe ya bar shi tsakaninmu. Na kama. Gajeriya ce, ta tayoyi da birki da direbobin da ba su da hankali, da 'yarsa.

Hannunsa sanyi ƙalau, shi ya sa na daɗe ina riƙe da shi. In ma na ce amin, a hankali na faɗa. Ba na jin ya ji.