Kafin Folish Ya Ƙare

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya aiki, ya sanyin wajen naku, ya kuma ciwon ƙugun da ka gada a wurina? Dukiya dai ba ka samu ba, sai ka riƙe wannan da kyau. Mu nan lafiya lau. Ka yi haƙuri da rubutun, ka san ubanka ya bar makaranta ana cikin koyar da tarawa, ba a kai ga rabawa ba. Yayarka ta ce in yi maka waya, na ce a'a. Wayar wajenku rabin magana take kaiwa, kuma kullum wajen ban dariyar take cinyewa.

Labarin motarmu Kunkuru na kawo maka. Tana nan a gindin katanga inda ka bar ta, tana tashi ranar da ta ga dama. Ka tuna ana gobe za ka tafi, ka wuni kana shafa mata folish, har mai facin ƙofar gida ya leƙo yana tambaya ko baƙi za ta yi? Da Mamanka ta ce yaushe za ka dawo, ka ce mata, kafin folish ɗin nan ya ƙare kin gan ni. Kai wasa ka yi. Ita kuwa ta riƙe.

Tsare ni ta yi sai na koya mata yadda ake gane ya ƙare. Na tsufa ina tuƙa motocin mutane, sai yanzu na samu ɗaliba. Na ce ki zuba ruwa a kan bonet. In ya dunƙule ya yi 'yan ƙwayoyi ya gangara da gudu, folish yana nan. In ya baje ya kwanta ya jiƙa fentin, ya tafi. Ki kuma shafa da bayan hannu, in da santsi lafiya, in hannun yana cijewa, to an yi sallama.

Yanzu kowace safiya, kafin in ga shayina, Kunkuru ta sha nata. Mamanka za ta fito da kofin nan mai tsagaggen baki, ta zuba, ta sunkuya tana dubawa kamar likita, ta miƙe ta ce da saura. An hana ni wanke motata da garin sabulu, wai yana cin folish. An ɗauke bargon gadona an lulluɓa mata saboda rana. Tsakanina da motar, ka ga wanda ake ji da shi a gidan.

Mamanka tana ɗan fama da jiri da rashin cin abinci, amma likita ya ce hutu kawai take bukata. Tana gaishe ka, yayarka ma haka. Ka gaida shugaban naku mai ɗaga hutu.

Ni ne babanka,
Direban Kunkuru.

Auta,

Ina gaishe ka, ina fata jiki da ƙarfi. Saƙonka ya iso cewa sun sake ɗaga hutun. Na karanta wa Mamanka, na ƙara gishiri yadda na saba, na ce wai in ba ka nan injinan wajen aikinku ba sa yarda su tashi. Ta yi murmushi don ta faranta mini.

Wannan karon ba zan ce muna lafiya lau ba. Maganar nan ta hutu kawai Mamanka take bukata ba likita ya faɗa ba, ni na faɗa. Ciwo ne a cikinta, kuma ya yi nisa. Ita ta hana a gaya maka, wai kada hankalinka ya rabu biyu inji ya ji maka ciwo.

Ba ta iya fitowa waje yanzu. Na ja gadonta jikin taga, ni nake zuba ruwan tana kallo. Ana nan, ruwan sama ya yi nasa, rana ta yi nata, tsuntsaye ma ba su bar mu ba. Sai na ga ƙwayoyin sun fara faɗi, sun yi kasala, ba sa gudu. Launin rufin ya dusashe. Na koma zubawa a gefen da inuwa take, ina ɗaga murya ina cewa da saura. Ba a daɗe ba can ma ya fara kwanciya.

Ranar da yayarka ta kai ta asibiti, na ce ƙuguna ya riƙe, na zauna a gida. Na ɗauko gwangwanin folish ɗinka a bayan safaya, na shafe bonet tas, na goge har ina hango giɓina a ciki. Washegari ruwa ya yi ta tsalle kamar ranar farko. Na shiga ɗaki ina taƙama. Ta kama hannuna, ta kai hanci, ta duba ƙarƙashin farcena.

Ta ce, "Direba, na tsufa ina wanke maka kaya, ka ɗauka ban san ƙamshin nan ba?"

Na ce ai sabon turare na saya. Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "In kana ƙara masa, yaushe zai ƙare? In bai ƙare ba, me zai dawo mini da yaron nan?"

Ka ji fa, Auta. Ni tsorona kada ta ga ka saɓa alkawari. Ita ashe jira take ranar da za ta aika maka cewa lokaci ya yi. Ta sa na kaɗa garin sabulu na wanke abin da na shafa, tana kallo ta taga. Na zuba kofin. Ruwan ya baje, ya kwanta, ko motsi bai yi ba.

Ta ce in rubuta maka haka: folish ya ƙare. To na rubuta. Ka nuna wa shugabanku takardar nan, in rubutuna ya gagare shi ka karanta masa. Ka zo.

Babanka.

Ɗana,

Ina gaishe ka, ina kuma yi maka ta'aziyya kamar yadda ake ta yi mini. Allah ya jiƙanta, ya ba mu haƙuri. Ya jikin naka, kana cin abinci kuwa?

Yayarka ta ce da ta gaya maka a waya sai ka ce ka makara, ba ka san da wane ido za ka shigo gidan ba. Ta ce hutun ya fito, amma kana cewa zuwan ba shi da amfani. Shi ya sa na sake ɗaukar biro.

Akwai abin da ba ta gaya maka ba, don ba ta nan aka yi. Ana saura kaɗan ta rasu, wata safiya Mamanka ta ji ɗan ƙarfi, ta ce in fitar da ita ta sha iska. Na ɗauke ta. Ni mai ciwon ƙugu, ban ji nauyin komai a hannuna ba. Na zaunar da ita a kujera jikin ƙofar gaba, ɓangaren da take zama tana gyara mini tuƙi. Ta ce in kawo gwangwanin. Na ce ashe ke ma sana'ar algus za ki shiga. Ta ce in rufe mata baki.

Ta lakato da yatsa, ta shafa a ƙarƙashin mariƙin ƙofar, wurin bai fi tafin hannu ba. Ta jira ya bushe yadda ta ga ka yi, ta goge da gefen mayafinta, tana yi tana hutawa. Sannan ta ce in zuba. Ruwan ya dunƙule ya gangara. Ta ce, "To ka shaida. Duk ranar da ya zo, ka ce masa da saura. Ɗana bai saɓa ba."

Ina zubawa kowace safiya da kofin nata. Mai faci yana ganina, ya daina tsokanata, kuma wannan ya fi komai damuna. Sauran jikin motar duk ya dusashe, hannu yana cijewa ko'ina, ta koma kamar mai ita. Wurin nan ne kaɗai. Na juya motar, ƙofar ta koma inuwar katanga, turawa ma muka yi, don ta ƙi tashi. Ba zan ƙara masa ko ɗigo ba, an riga an kama ni sau ɗaya.

Yau da safe ƙwayoyin sun fara faɗi, amma suna gangarawa. In za ka taho ka riƙo tsumma mai laushi, namu duk sun mutu.

Da saura, Auta.

Babanka.